Faiba ta ratsa Accra, amma yaushe za ta shigo lungunan Nima da Maamobi?

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, muna cikin azumi, na shiga aji da shirin nuna wa ɗalibaina yadda ake tura saƙon imel. Kwamfuta ɗaya gare mu, wayata ce ke ba ta intanet. Na kunna, shiru. Na ɗauka datata ce ta ƙare, har na aika yaro wurin mai MoMo na bakin titi ya saya mini, ya dawo ya ce, "Malam, shi ma ya ce tun safe abin ke yi masa gardama."

Sai da yamma muka ji labari: manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. A ranar ne da yawanmu a zango muka gane cewa intanet ɗin da muke ɗauka a iska take, ashe a waya take tafiya.

Wayar ita ce faiba: zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Ko hasumiyar da ke ba wayarka sabis, sau da yawa faiba ce ke ciyar da ita ta ƙasa. Duk maganar da ake yi ta birnin zamani mai aiki da fasaha, daga fitilun hanya masu lura da cunkoso zuwa biyan haraji ta waya, a kan wannan zaren take tsaye.

Accra kuwa ba ta rasa shi ba. SAT-3 ta iso tun 2002, MainOne a 2010, WACS da ACE a 2012. A 2015 kamfanin Google ya kawo shirinsa na Project Link, ya fara shimfiɗa faiba a Accra da Tema da Kumasi domin kamfanonin sadarwa su riƙa haya, aikin da ya koma hannun CSquared a 2017. A shekarar 2017 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, kowane gida ya samu adireshin lamba.

To ina tamu matsalar take? Mai shimfiɗa waya ɗan kasuwa ne, inda riba take nan yake bi. Tsakaninmu da Airport Residential da Cantonments tafiyar mintuna ce, amma can tituna a miƙe suke, kuma gida ɗaya zai iya biyan kuɗin wata ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mu kuwa gidan haya ne mai ɗaki goma ko fiye, kowane ɗaki da iyalinsa, lungu kuma wani ko baro ba ya wucewa sai an karkata. Don haka muke sayen data kaɗan-kaɗan, sidi biyar yau, sidi goma gobe. Idan ka tara a wata, talaka ya fi mai kuɗi biya da tsada.

A aji nake ganin illar. Manhaja ta ce a koyar da ilimin kwamfuta. Sakamakon BECE a intanet ake dubawa, haka ma makarantar sakandaren da aka tura yaro. Bara wata uwa mai sayar da waakye ta zo mini da takardar ɗiyarta a ƙulle cikin leda, ta ce, "Malam, don Allah duba mana, na je shagon kwamfuta sau biyu layi ya hana ni, ga abinci a wuta." A wayata muka duba. Yarinyar ta ci, amma har ta gama aji uku ba ta taɓa buɗe shafin intanet da hannunta ba. Irinta ne za su yi gogayya da yaran da aka haifa da Wi-Fi a falo.

Ba sabon abu nake nema ba. A Stockholm ta ƙasar Sweden, hukumar birni ce ta kafa kamfaninta mai suna Stokab a 1994, ta shimfiɗa faiba kamar yadda ake jan bututun ruwa, kamfanoni na haya suna sayar wa jama'a. Ba mu da aljihun Sweden, gaskiya ne, amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba.

Tun 2018 Nima na ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ta Arewa, ga kuma Asusun Raya Zango da doka ta kafa a 2017. Mafi tsada a aikin faiba shi ne haƙa. Duk lokacin da za a gyara kwata ko a shimfiɗa lungu, me zai hana a binne bututun waya a lokaci guda? Haƙa ɗaya, aiki biyu, kuma an rage yawan tsinke waya da masu aikin titi ke yi. Sannan a fara da wuraren da kowa ke zuwa: makarantun gwamnati da na Islamiyya, asibiti, ɗakin karatu, da kasuwar Nima. Daga nan matasanmu masu gyaran waya za su iya koyon haɗa faiba, su ja ta gida-gida, masu haya su haɗa kuɗi kamar yadda suke yi na ruwa da wuta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Duk damina babbar kwatar da ta ratsa unguwannin nan tana hana mu barci, kuma ba mu manta da ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 ba. Na'urar auna tashin ruwa da za ta aika gargaɗi zuwa wayoyin mutane da lasifikar masallatai ta fi mana amfani a kan allon talla mai walƙiya a shataletale.

Saboda haka ina kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa: duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin birnin zamani, a tambaye shi makaranta nawa a Nima da Maamobi za a jona da faiba, kuma a wace shekara. Ni dai ajina yana nan, ɗalibai fiye da hamsin da kwamfuta ɗaya, har yanzu a kan datar wayata muke karatu.