Kafin a Tafi Aikin Zuciya, Ga Abin da Ya Kamata Falke Ya Sani

Maganar yau ba ta tike ba ce, ta lafiya ce. A nan Miskin da Kilomita Biyar mun sha ganin ɗan'uwa da a da yake bin garke a ƙasa tun daga iyakar Cadi, amma yanzu daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya yana haki, ƙafafu sun kumbura, da dare ba ya iya kwanciya sai ya jingina. Idan an haska zuciya sai likita ya ce bawul ne ya lalace, sai an yi aiki.

Shi wannan bawul ƙyaure ne. Zuciya tana da guda 4, suna buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo. A ƙasashenmu abin da ya fi ɓata su shi ne ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa maganin penisilin ba. Bayan shekaru sai ƙyauren ya tsuke, ko ya daina rufuwa sosai.

To, masu wannan ciwo daga Bangi akasari waje ake tura su. A 2007 ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe asibitin Salam a Khartum, inda ake aikin zuciya kyauta, kuma daga asibitin yara da ta buɗe a Bangi a 2009 an tura marasa lafiya can. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya dagula wannan hanya. A Kamaru akwai cibiyar Shisong kusa da Kumbo, ita ma 2009 aka buɗe ta, sai dai rikicin yankin masu Turanci ya sa zuwa can ya yi wuya. Saboda haka kada kowa ya sayar da shanu ya hau mota sai likitansa ya yi magana da asibitin, sun ba da rana a rubuce.

Abin da ya fi mayar da mutane gida ba su samu aiki ba, sauran cututtukan da suka zo da su ne. Farko haƙora. Kai, mutum zai yi mamaki, me ya haɗa haƙori da zuciya? Ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen haƙori suna bin jini su je su zauna a kan sabon bawul, wannan kuwa yana kisa. A cire ko a gyara tun a nan Bangi, ya fi araha a kan zaman jira a garin mutane. Sai ciwon sukari: idan bai sauka ba, raunin ƙirji ba ya warkewa da wuri, yana iya ruɓa. Hawan jini, ƙoda, ƙarancin jini, ciwon hanta, tarin fuka, duk za a auna. Mai shan taba ya bari aƙalla mako 4 kafin ranar.

A kuma tattara duk abin da ake sha a nuna wa likita, har da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki irin diklofenak da muke saye wurin masu talla. Ba abin kunya ba ne. Wasu suna taɓa ƙoda, wasu suna sa zubar jini.

Bawul ɗin da ake sawa iri biyu ne, kuma a nan ne falke ya kamata ya yi dogon tunani. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha maganin tsinka jini, wato warfarin ko Sintrom, har ƙarshen rayuwa, yana zuwa gwajin INR a kai a kai. Idan magani ya yi kaɗan jini ya daskare a bawul, idan ya yi yawa mutum ya yi ta zubar jini. To, wanda yake yin wata biyu tsakanin Garwa-Bulai da Duwala, ko a jirgin ruwa zuwa Barazabil, ina zai auna? Ga ƙahon saniya, ga harbin bijimi. Na biyun da naman dabba ake yinsa, tantanin zuciyar saniya ko bawul ɗin alade, don haka a tambaya tun da wuri. Akasari ba ya bukatar maganin tsinka jini na har abada, amma yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15, ga matasa ma kafin haka, sai an sake aiki. Mu dai a ganinmu, a faɗa wa likita ainihin sana'ar da ake yi da irin tafiyarta kafin a zaɓa. Idan mara lafiyar mace ce mai sauran haihuwa, a sani warfarin yana cutar da ciki.

Mai shan wannan magani ba a hana shi miyar zogale ko ganyen rogo ba, sai dai kada ya ci tuli yau, gobe babu, don ganye yana rage ƙarfinsa. Maganin tarin fuka rifampisin ma haka yake yi.

Bayan aiki, ƙashin ƙirji da aka tsaga yana bukatar mako 6 zuwa 8, wani har wata 3. Babu kama igiya, babu loda shanu a mota, babu babur. Don haka tun kafin tafiya a zauna da dillali da abokan ciniki, a rubuta bashin da ake bi da wanda ake binka a gaban shaidu, a wakilta wanda zai riƙe kasuwa. A ware kuɗin magani da gwajin jini na shekara guda daban da kuɗin hanya, a tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, da ɗan'uwa guda mai lafiya da zai yi rakiya, wanda zai iya ba da jini idan an nema.