HORAR DA ƊAN KWIKWIYO: ICCE TUN YANA ƊANYE AKE TANƘWARA SHI

Daga Wakilinmu a Zuru

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san cewa kare ba baƙo ba ne a cikinta. Tun kaka da kakanni Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauran ƙabilun wannan masarauta ta kudancin Jihar Kebbi suke ajiye karnuka domin farauta da gadin gida da kuma korar birai daga gonakin dawa da ke gindin duwatsu. A ƙauye ba wanda yake zama ya koya wa kare inda zai yi bayan gida. Fili gare shi har iyakar ganinsa, kuma ɗan kwikwiyo yana bin uwarsa ne ya ga yadda take yi.

To, amma zaman gari dabam yake da zaman ƙauye. Ma'aikacin da aka ba shi gida a unguwar ma'aikata, ko malamin makaranta mai haya a gidan da mutane da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, ko ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, idan ya ɗauko ɗan kwikwiyo ya raba shi da uwarsa da kuma fili. Aikin da uwar take yi a da ya koma wuyansa ke nan. Da yawa ba su san haka ba. Sai kwikwiyon ya ɓata tsakar gida, a doke shi, gobe ya sake, maƙwabta su yi ƙorafi, daga ƙarshe a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida ko a kore shi ya shiga sahun karnukan bola. Alhali kuwa abin da ake bukata bai wuce keji ɗaya da tsarin lokaci da haƙurin 'yan watanni ba.

ABIN DA YA SA BA WASA BA NE

Wani zai ce maganar kashin kare ba ta isa a kawo ta a jarida ba. Likitocin dabbobi ba haka suke gani ba. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsu, domin suna samunta tun suna cikin uwarsu ko ta hanyar nono. Ƙwayayen wannan tsutsa suna fita cikin kashi, kuma sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 a cikin ƙasa kafin su kai matsayin kama mutum. Yaro mai rarrafe da yake wasa da ƙasa ya kai hannu baki shi ne ya fi shiga hatsari, kuma tsutsar tana iya kaiwa ga hantarsa, wani lokaci ma har idonsa. Ke nan idan kare ya saba da wuri guda, ana kwashe kashinsa kullum ana zubawa a masai ko ana binnewa, an yanke wa cutar hanya tun kafin ta nuna.

Har ila yau akwai batun zaman lafiya. Zuru gari ne da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suke zaune tare, wani lokaci ma a gida ɗaya. Malaman Musulunci sun halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da gadin gona, amma gidaje da yawa ba sa yarda ya shiga ɗaki, ko ya taka tabarmar salla, ko ya sa baki a ƙwarya. Kare mai horo wanda ya san iyakarsa ba ya jawo wa ubangidansa faɗa da maƙwabci.

LOKACIN DA YA DACE

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8. Wasu masana biyu na ƙasar Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru da dama suna nazarin halayen karnuka, suka buga sakamakon aikinsu a 1965. Sun nuna cewa daga wajen mako na 3 zuwa na 12 ne kwikwiyo yake sabawa da mutane da abubuwan da ke kewaye da shi, kuma wanda ya wuce wannan lokaci bai saba da hannun mutum ba, da wuya ya daina tsoro. Ashe dai abin da Bahaushe ya faɗa game da ɗanyen icce ya shafi har dabba.

Sai kuma a san ƙarfin jikinsa. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari kamar babban kare. Ƙa'idar da masu horar da karnuka suke bi ita ce, kowane wata ɗaya na rayuwarsa yana daidai da kamar awa ɗaya. Watau ɗan wata 2 ba zai wuce awa 2 ko 3 ba, ɗan wata 4 kuwa kamar awa 4. Wanda ya kulle ɗan wata 2 tun ƙarfe 8 na safe ya tafi ofis, ya dawo bayan azahar ya tarar da ɓarna, to, shi ne mai laifi, ba kwikwiyon ba.

KEJI DA YADDA AKE SABA MASA DA SHI

Hikimar keji ta dogara ne a kan wata ɗabi'a da Allah ya yi wa kare: ba ya son ɓata makwancinsa. Idan aka ba shi ɗan wuri wanda ya ɗauka nasa ne, zai yi ƙoƙarin daurewa har a fitar da shi.

Ba sai an aika Kaduna ko Legas an sayo na kanti ba. Kowane kafinta ko mai walda a cikin gari zai iya haɗa shi da katako da raga. Girmansa ya kasance kwikwiyon zai iya tsayawa, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. In ya fi haka girma, zai kwanta a gefe ɗaya ya mai da ɗaya gefen masai. Gara a yi shi daidai girman da karen zai kai, a raba shi da allo, a riƙa matsar da allon yayin da yake girma. A shimfiɗa tsohon buhu a ciki, a ajiye shi a inuwa inda iska take shiga, kusa da inda mutanen gida suke zama. A kiyayi rufin kwano a tsakiyar rana, musamman a watannin Maris da Afrilu. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma zafi yana iya kashe kwikwiyo cikin ɗan lokaci kaɗan. Ruwan sha kada ya yanke masa da rana.

A ranakun farko a bar ƙofar a buɗe. A riƙa ajiye masa abinci a bakin kejin, sa'an nan a ciki, har ya zama da kansa yake shiga. Bayan haka a rufe ƙofar na minti 5 yana cin abinci, gobe minti 10, jibi minti 20, mutum yana zaune kusa. Daren farko da na biyu zai yi kuka saboda kewar uwarsa. In an san lokacin fitsarinsa ya yi, a fitar da shi shiru, ya gama a mai da shi. In kuwa kukan neman a buɗe ne kawai, a jira ya yi shiru tukuna, don kada ya gane cewa kuka ne mabuɗin ƙofa.

Abu biyu ne ba a yi da keji. Ba a jefa kare ciki domin hukunci, gama in ya ɗauke shi kurkuku ba zai sake shiga da son ransa ba. Ba a kuma barin kwikwiyo a ciki fiye da awa 3 ko 4 da rana. Wanda aikinsa ba zai bar shi ya dawo ba, sai ya damƙa wa wani a gida amanar fitar da shi, ko ya kewaye masa ɗan fili da raga, kejin yana buɗe a gefe guda, yashi a ɗaya gefen.

TSARIN YINI

A zaɓi wuri guda a bayan gida, nesa da rijiya da madafa da inda yara suke wasa. A riƙa kai kwikwiyon wurin da zarar ya tashi da asuba, da bayan kowane cin abinci, da bayan wasa, da bayan barcin rana, da kuma kafin a kwanta. Ƙarami yana bukatar a tashi a fitar da shi sau ɗaya ko sau biyu cikin dare.

Abinci ma a ba shi a kan lokaci, sau 3 ko 4 a yini, a ɗauke kwanon bayan kwata na awa. Wanda yake cin ragowar tuwo a duk lokacin da aka ga dama, ba wanda zai san lokacin fitarsa. In an kai shi wurin, a tsaya tare da shi, a riƙa faɗin kalma guda kullum, da Hausa ne ko da Dakarci, muddin dai kowa a gidan ita yake faɗi. Da ya gama, nan take a yaba masa, a ba shi ɗan ƙuli-ƙuli ko tsokar nama. Ladan da ya yi jinkiri ko da na minti ɗaya ne, kare ba ya sanin na mene ne.

A kuma lura da alamu. Idan ya fara sunsunar ƙasa yana zagaye, ko ya bar wasa farat ɗaya, a ɗauke shi a yi waje da shi. In an kama shi yana cikin yi a tsakar gida, a tafa hannu sau ɗaya, a kai shi wurinsa. In kuwa an tarar ya riga ya yi, a wanke wurin sosai da sabulu har warin ya fita, domin hancinsa ne yake mai da shi inda ya taɓa yi. Duka da goga masa hanci a cikin kashi ba sa koya masa kome sai tsoron mutum, sai ya koma yana ɓuya bayan randa ya yi abinsa. Galibi kwikwiyo yakan gane tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu kuwa har su kusa shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Babbar ribar wannan horo ita ce kare ya zama mai kamuwa a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kamar kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Amma tun 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara yi wa mutum allurarsa, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa.

Abin da yake hana kaiwa ga wannan adadi a wurare da yawa shi ne karnukan da ko masu su ba sa iya kama su. Kare da ya saba da keji kuwa, sai a ɗauke shi a kai shi asibitin dabbobi ba tare da kokawa ba. Ana yi masa allurar haukan kare yana da wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, haɗe da maganin tsutsa da na kaska da sauran allurai. In kuma ƙaddara ta sa ya ciji wani, akwai inda za a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Shi kuwa wanda aka ciza, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ƙarewar kwanakin.

Saboda haka muna kira ga ma'aikata da ɗalibai, su da jama'a suke koyi da su, kafin mutum ya karɓi ɗan kwikwiyo daga hannun aboki, ya tambayi kansa ko yana da inuwar da zai ajiye keji, da wanda zai fitar da shi in ba ya gida, da kuɗin allura. In babu, gara ya bar shi wurin uwarsa. In kuwa akwai, wahalar wata shida ce, sa'an nan ya sami mai gadin da zai yi masa shekara goma ko fiye. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya. Ya kamata kafin ta zagayo, kowane mai kare a Zuru da Dabai da Ribah da Mahuta da Dirin Daji ya iya nuna takardar allurar karensa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.