Kafin ki ce babu abin gani a Jigawa

A hutun makarantar da ya wuce matar yayana ta zo mana Aujara daga Kano da 'ya'yanta uku. Kwana biyu kacal babbar 'yar ta fara ƙorafi: "Gwaggo, wai ku nan ba ku da wurin zuwa ne?" Uwar ta yi dariya ta ce ai Jigawa sai gona da rana. Na ji haushi, amma na rasa amsa, don ni kaina ban san Dutse ba sai hanyar asibiti da ta kasuwa. Ranar da ba ni da aiki na kwashe su da nawa biyu muka fita. Abin da muka gano shi nake son ba ki, 'yar uwa, musamman idan naki yaran ma hutunsu a kan waya yake ƙarewa.

Ki fara da Garu. Yawancinmu sabuwar Dutse muka sani, wadda ta bunƙasa bayan an ƙirƙiro jihar a 1991: sakatariya, manyan tituna, jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Tsohon garin kuwa yana Garu, cikin duwatsu, inda fadar Sarki take. A nan yaro zai gane da idonsa dalilin da ya sa ake kiran garin Dutse, ya ga gidaje sun jingina da manyan duwatsun da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Ki tambaye shi me ya sa mutanen da suka zaɓi zama a irin wannan wuri, ki bar shi ya gano maganar tsaro da kansa. Unguwar mutane ce fa, ki yi sallama, ki gaida dattawa, kada yara su ɗauki hoton gidan kowa ba izini.

Sai dabino. Dutse ta yi suna a kansa, har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin. 'Ya'yan Kanon nan ba su taɓa ganin sa a kan bishiya ba, sai a faranti lokacin azumi. Da suka ji cewa akwai namijin dabino akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya, sai da suka yi ta musu har gida.

Amma idan rana ɗaya kawai kike da ita, ki tafi Birnin Kudu, kudu da Dutse, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. A duwatsun garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da can can suka yi a jikin dutse, a ƙarƙashin inuwar kogo. Tun shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai binciken tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu, kuma yau suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Kada ki sa ran zane mai ƙyalli. Ya koɗe, sai ido ya saba da inuwar kafin ki fara rarrabe ƙaho da ƙafa. Ki ce wa yara su nemo tozo. Ba za su samu a yawancin shanun ba, don irin na da ne marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora a gefen hanya yau ba.

Abin da ya fi tafiya da hankalin yaran shi ne duwatsun da ke ƙara. Ka ɗauki ƙaramin dutse ka buga, sai ka ji amo kamar na ƙarfe, kowane gurbi da irin muryarsa, kuma guraben sun lotsa saboda daɗewar bugu. Ki nemi ma'aikatan wurin su raka ku, su ne suka san inda ake bugawa da inda ba a taɓawa. Zanen kam ba a sa masa hannu, balle a zuba masa ruwa don ya fito a hoto.

Kasuwar Shuwarin, mai ci ranar Litinin a kusa da Dutse, ta cancanci gani, amma ni ban ba da shawarar zuwa da ƙananan yara ba. Cunkoson ya yi yawa.

Yanzu bari nas ta yi magana. Ki fita da sassafe ki sauko daga dutse kafin hantsi ya ɗaga, don dutse na riƙe zafi, kuma yaro ba ya faɗin yana jin ƙishi sai ya galabaita. Ki riƙe ruwa fiye da yadda kike zato, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti ko biyu. Idan kika ga yaro ya yi laushi, leɓensa ya bushe, ki kai shi inuwa ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara rikicewa ko ya kasa sha, sai asibiti. Silifas na santsi a kan dutse, a sa takalmi mai kama ƙafa. A hana su zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse saboda kunama da maciji. Mai goyo da mai tsohon ciki su tsaya a ƙasa. Na sha ganin karayar da ta fara da "bari in ɗan leƙa". Da damina kuwa, in an yi ruwa, a bari dutse ya bushe tukuna.

Kuɗin mota da dafaffiyar taliya a kula ne kawai suka fita daga jakata, sai ɗan abin da na ba wanda ya zagaya da mu. 'Yar yayan nawa ta kira ni makon jiya, wai idan sun zo da kaka in kai su gona su ga yadda ake tsinkar zoɓo.