Giya da Dankali a Ƙasar Beljiyam: Ina Rabon Manomi?

Akwai wata 'yar ƙasa a Turai, tsakanin Faransa da Jamus da Holand, sunanta Beljiyam. Faɗinta bai kai mil 12,000 murabba'i ba, watau ko Jihar Kaduna ta fi ta girma, amma mutanenta sun haura miliyan 11. Ita ce ta mallaki Kwango har zuwa 1960. Duk inda aka ambaci sunanta a Turai, abu biyu a ke fara tunawa, giya da soyayyen dankali.

Giya dai haramun ce ga Musulmi, ba kuwa yabonta ya kawo wannan magana ba. Amma da giyar da dankalin duk daga gona su ke fitowa, kuma cikin labarinsu akwai tambayar da ta shafi kowane mai riƙe da fartanya. In amfanin gona ya yi suna ya kawo kuɗi, nawa ke komowa hannun wanda ya noma shi?

A Gona Aka Fara

Ƙasar tana da sanyi da yawan ruwan sama. Inabi ba ya yi sosai kamar yadda ya ke yi a kudancin Faransa, amma sha'ir da alkama suna yi. Saboda haka tun zamanin da, abin shansu daga hatsi su ke yinsa. A kan jiƙa sha'ir ya tsira, a busar, a ɓarza, a dama da ruwan zafi, a tace. Sa'an nan a tafasa ruwan tare da furen wani tsiro mai yaɗo da a ke kira hof, wanda ke sa ɗaci, ya kuma hana abin lalacewa da wuri.

A lardin Hainaut, cikin kudancin ƙasar inda a ke jin Faransanci, manoma da kansu ke dafawa a gida lokacin hunturu, sa'ad da babu aikin gona. Su kan ajiye har lokacin girbi, su ba 'yan ƙodagon da suka zo aiki. Akwai kuma wata mara ƙarfi wadda su ke kira giyar tebur, da ita a ke cin abinci a gidaje da yawa. Har cikin tukunya ta shiga. Babban girkin mutanen Filandas, watau arewacin ƙasar, naman sa ne da albasa mai yawa, a zuba giya maimakon ruwa, a ɗora yankin burodi a kai don romon ya yi kauri, a bar shi kan wuta kaɗan kaɗan har ya yi laushi.

Abin lura ga manomi a nan shi ne dusa. Duk lita 100 da aka dafa, a kan sami dusa jiƙaƙƙiya wajen kilo 20. Ba a zubar da ita, shanu a ke ba. Shanu su ba da madara da taki, taki ya koma gonar sha'ir. Muddin tukunyar tana cikin ƙauye, ba abin da ke fita daga hannun mutanen ƙauye.

Har yanzu a kan ga wannan tsari a gidajen ibada na wasu sufayen Kirista da a ke kira Trappist. Biyar ne a Beljiyam ke dafa giya da wannan suna: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Ƙa'idarsu ita ce a yi aikin cikin harabar gidan, a ƙarƙashin kulawar sufayen, ribar kuwa a riƙe gida da ita, saura a yi taimako. Na Westmalle sun fara dafawa a 1836, suna da garken shanu, suna yin cuku. Na Chimay sun fara giya a 1862, cuku kuma a 1876.

Suna Ya Tashi, Gona Ta Ragu

Wajen 1900 gidajen dafa giya a Beljiyam sun fi 3,000, da wuya a sami babban ƙauyen da ba shi da nasa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo a 1914, Jamusawa suka mamaye ƙasar, suka kwashe tukwanen jan ƙarfe don ƙera kayan yaƙi. Da yawa ba su sāke tashi ba. Waɗanda suka saura, manya suka riƙa haɗiye ƙanana, har kafin 2000 suka koma ɗari da 'yan kai. Daga baya ƙanana sun sāke ɓullowa, yanzu sun kai wajen 400. Kamfanin giya mafi girma a duniya, AB InBev, hedkwatarsa tana garin Leuven. Kamar kashi 7 cikin 10 na abin da a ke dafawa, waje a ke kai shi. A watan Nuwamba na 2016, a wani taro a Addis Ababa, hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, gama iri-irin giyar ƙasar sun kai wajen 1,500.

To, mai karatu zai zaci manoman sha'ir da hof sun yi arziki ke nan. Ba haka abin ya zama ba. Hof shuka ce mai cin aiki. Sai an kafa mata dogayen sanduna da waya, ta hau sama har ƙafa 20, a tsinke furen cikin watan Satumba, a busar nan da nan. Wajen 1880 gonakin hof a Beljiyam sun kai kamar eka 10,000, a kewayen garuruwan Poperinge da Aalst. Yau ba su kai eka 500 ba, yawancinsu a Poperinge. Dalili kuwa, da manyan kamfanoni suka koma dafa irin giyar nan mai haske, sai suka fi son hof na Jamus da na ƙasar Cek, ga kuma na Amurka mai araha. Sha'ir ɗin ma, yawancinsa daga waje a ke sayowa, musamman Faransa. Watau sunan na Beljiyam ne, aikin dafawa na Beljiyam ne, amma kuɗin hatsin manomin wata ƙasa ke karɓa.

Labarin Dankali

Dankalin Turawa shi ne tuwon talakan Beljiyam. Ya taɓa gwada musu haɗarin dogara ga shuka guda. A damina ta 1845 wani ciwo ya ɓullo a gonakin kewayen Kortrijk, ganye ya yi baƙi, 'ya'ya suka ruɓe cikin ƙasa. Fiye da kashi 8 cikin 10 na dankalin ƙasar ya lalace a shekaran nan. A 1846 hatsi ma bai yi ba, ga saƙar hannu da talakawan Filandas ke ragewa da ita ta faɗi saboda injunan Ingila. Aka yi yunwa, cuta ta biyo baya, dubban mutane suka mutu. Wannan ciwo shi ne ya haye ya yi wa ƙasar Ailan mummunar ɓarna.

Duk da haka ba su bar dankali ba. Kusan kowane gari yana da rumfar mai suya, rumfunan sun kai dubu huɗu da wani abu. A kan yanka dankalin tsaye kamar yatsu, a soya sau biyu, bisa al'ada cikin kitsen shanu. Suyar farko da wuta kaɗan don cikin ya nuna, a kwashe ya huce, ta biyu da wuta sosai don bayan ya yi ƙamas. A zuba cikin takardar da aka naɗe kamar mazurari, a sa gishiri da wata miya mai kauri ta ƙwai da mai. Irin dankalin da ya yi suna wajen suya shi ne Bintje, wanda wani malamin makaranta na Holand ya fitar a farkon ƙarni na 20.

A nan manomi bai fita daga ciniki ba kamar na hof, gama gonakin dankali sun kai wajen eka 250,000. Masana'antun ƙasar suna sarrafa fiye da ton miliyan 5 a shekara, su daskarar da shi cikin ƙanƙara, su aika ƙasashe fiye da ɗari. Amma mai saye ya zama kusan guda, watau masana'anta. Yawancin manoma su kan ƙulla yarjejeniya da ita tun kafin shuka, a yanke farashi da yawan ton.

Wannan yarjejeniya wuƙa ce mai kaifi biyu. A 2018 aka yi fari, dankali ya yi ƙaranci, farashi ya hau a kasuwa. Wanda ya ƙulla ya ga tilas ya ba da nasa a tsohon farashi, wani ma abin da ya haƙa bai cika alkawarin ba. A 2020 kuwa annobar korona ta rufe gidajen abinci a duniya, wajen ton 750,000 ya rasa mai saye. Ƙungiyar 'yan kasuwar dankali, Belgapom, ta roƙi jama'a su riƙa cin soyayyen dankali sau biyu a mako. Aka ba matalauta wani, aka ba dabbobi wani. A shekaran nan wanda bai ƙulla ba shi ya fi shan wuya, don nasa ya zama kusan kyauta.

Dabarun Da Suka Yi

Manoman ba su naɗe hannu ba. Tun 1890 suka kafa babbar ƙungiyarsu mai suna Boerenbond a Leuven, don sayen taki da iri tare, da ba juna rance. Masu noman kayan lambu suna da kasuwannin gwanjo na gama kai, mallakarsu, inda a ke tantance kaya daraja daraja, 'yan kasuwa su yi takara a kai. Manoman hof da suka saura sun fitar da tambari na musamman, ba a sa shi a kwalba sai in aƙalla rabin hof ɗin da ke ciki na gida ne. Sun kuma mai da tohon hof, wanda dā abincin talaka ne, ya zama kayan marmari mai tsada da manyan gidajen abinci ke nema a watan Maris da Afrilu.

Manomin Arewa ba baƙo ba ne ga irin wannan ciniki. A 1988 Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da sha'ir, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma sayen dawa, har yau kuwa suna saye. Masu dankali a Filato su ma sun san ciwon nan mai baƙanta ganye in ruwa ya yi yawa. Abin da za a ɗauka daga Beljiyam uku ne. Kada mutum ya zuba dukan gonarsa ga shuka guda, ko ga mai saye guda. In za a ƙulla yarjejeniya, a ƙulla kan wani sashe, a bar saura don kasuwa da rumbu, a kuma sa mai karatu ya karanta abin da takardar ta ce game da shekarar fari kafin a dangwala hannu. Na uku, manomi guda ba ya iya ja da kamfani, amma ɗari in sun haɗa buhunansu a sito guda, tilas a saurare su.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a sayar da daraja, amin.