Sarkin Anacha da Masu Zane

Idan ka shiga kasuwar Ogbete a Inugu, ka ratsa ta wajen 'yan Arewa, za ka ga huluna da takalman fata. Baduku ba ya ɗinka abin da babu mai saye. Haka mai zane da masassaƙi suke. Fenti da kuɗi ake sayensa, kuma zane guda yakan ci makonni. In ba a sami mai saye ba, gwani sai ya ajiye buroshi ya nemi wata sana'a.

Hausawa sun daɗe da sanin haka. Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ne domin Sarkin Zazzau ya ba shi aikin. Wanda yake ɗaukar nauyin mai fasaha kamar haka, shi ake kira majiɓinci.

A yau akwai irin wannan sarki a bakin kogin Neja. Shi ne Igwe Nnaemeka Achebe, Obi na Anacha, wanda ya hau gadon sarauta a 2002 bayan ya daɗe yana aiki a kamfanin Shell. Kada ka haɗa shi da marubucin nan Chinua Achebe. Suna ne ya zo ɗaya. Sarkin ya yi shekaru yana sayen zane-zane da sassaƙe-sassaƙe na Afirka, har ya tara dubbai.

To, ta yaya sayayyar mutum ɗaya take taɓa ƙasa baki ɗaya? Ka dubi matashin da ya gama karatun zane a Nsukka. Ranar da babban mutum ya sayi aikinsa, ba kuɗi kaɗai ya samu ba. Ya sami suna, domin sauran masu saye suna bin sawun wanda suka yarda da idonsa. Sarkin bai tsaya ga saye ba. A lokacin bikin Ofala, wanda akan yi a watan Oktoba, ana shirya baje kolin zane mai suna Oreze a Anacha. Shi ne kuma majiɓincin gasar LIMCAF, wadda aka fara a Inugu a 2007 domin matasa daga kowane sashe na Nijeriya. Ɗan Kano yana iya shiga, kamar yadda ɗan Fatakwal zai shiga. Wannan ya fi muhimmanci, a ganina, domin kasuwar zane ta taru ne a Legas, kuma ba kowa ne yake da halin zuwa can ba.

Akwai kuma batun abin da zai saura a gida. Ben Enwonwu, shahararren mai zane, ɗan Anacha ne. A 2018 aka yi gwanjon zanensa mai suna Tutu a Landan, aka saye shi a kan fam miliyan ɗaya da ɗoriya. Ɗalibi nawa ne a Anacha suka taɓa ganinsa ido da ido? Domin irin wannan ne Sarkin ya ƙuduri aniyar kafa gidan adana kayan fasaha mai suna Chimedie a garinsa.

Amma fa wanda ya biya makaɗi, shi yake zaɓen kiɗa. In masu hannu da shuni ƙalilan ne suke saye, masu zane sukan karkata ga abin da zai faranta musu rai, sabon salo kuwa ya rasa mai kula. Kuma taskar mutum ɗaya tana iya watsewa ranar rabon gado. Wani mai tara zane a Legas, Yemisi Shyllon, ya bi wata hanya: ya ba Jami'ar Pan-Atlantic ayyuka 1,000 daga cikin taskarsa, aka buɗe gidan da ke ɗauke da sunansa a 2019, inda 'yan makaranta suke zuwa kallo.