AMSAR TAMBAYA: Yaya Ake Gane Tsohuwar Mota Ta Asali A Kasuwar Gwanjo?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, falken shanu da ke cin kasuwar Potiskum. Ya ce ya ji labarin wai a Amurka an sayar da wata tsohuwar mota a gwanjo kan kuɗi sama da dala miliyan 3, alhali motar ta girmi 'ya'yansa duka. Shi ne yake so a yi masa bayani, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, me ke jikin motar? Kuma ta yaya mai saye zai tabbatar ba jabu aka sa masa ba?

To Malam, labarin da ka ji gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya aka yi haka ba. A watan Yuni na 2014, kamfanin gwanjon motoci na Mecum ya sayar da wata mota ƙirar Plymouth Hemi Cuda ta 1971, mai buɗaɗɗen sama, kan dala miliyan 3 da rabi a birnin Siyatil. Sannan a watan Janairu na 2020, a garin Kisimi da ke jihar Fulorida, kamfanin ya sake sayar da wata Ford Mustang ta 1968 kan dala miliyan 3 da dubu 400.

Irin waɗannan motoci Amurkawa na kiransu da wani suna da za mu iya fassarawa da "motoci masu ƙwanji". Dabarar ƙera su ita ce a ɗauki ƙaton inji mai silinda 8 a ɗora wa mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, sai ta zama ga ƙarfi ga gudu, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin samari masu albashi ba. Galibi ana cewa yayinsu ya soma ne a 1964 da motar Pontiac GTO. Bai yi tsawon rai ba, domin kamfanonin inshora sun tsauwala wa masu su kuɗi, gwamnati ta kafa dokar rage hayaƙi a 1970, sai kuma tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙarasa shi. Da yawa daga cikin motocin an kashe su a tsere, wasu tsatsa ta cinye. Abin da ya rage kaɗan ne, samarin da suka yi sha'awarsu a lokacin kuma suka girma suka yi kuɗi. Ka san halin kasuwa, in kaya ya yi ƙaranci masu nema suka yi yawa, farashi sai ya tashi. Ita waccan Hemi Cuda mai buɗaɗɗen sama, waɗanda aka ƙera a 1971 duka ba su wuce 12 ba.

Nan ne kuma 'yan algus suka sami ƙofa. Kamfanonin nan da jiki iri ɗaya suke ƙera mai tsada da mai araha. Bambancin yana ga inji, da giya, da 'yan tambura da zanen fenti. Saboda haka mutum na iya sayen gama-garin Plymouth Barracuda, ya cire ƙaramin injinta ya sa babba, ya yi mata fenti, ya manna tambari, ta fito sak mai tsadar. Yin haka ba laifi ba ne in an gaya wa mai saye, akwai ma masu son irinsu don hawa. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan ta asali, domin tazarar kuɗin da ke tsakaninsu na iya ninkawa sau da yawa.

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne lambar jikin mota, wadda direbobinmu ke kira lambar shasi. Tun daga 1981 kowace mota a Amurka lambarta haruffa da alƙaluma 17 ce, amma kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. Daga 1968 aka soma maƙala ta a inda za a hango ta cikin gilashin gaba. Wanda ya iya karatunta zai san abubuwa da yawa. A motocin Plymouth da Dodge na 1970 da 1971, in harafi na biyar R ne, to da injin Hemi motar ta fito daga masana'anta, wato inji mai lita 7 da kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 425. In wani harafi ne daban, ko da injin Hemi ne ke cikinta yau, daga baya aka sa shi. Haka nan GTO, daga 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa.

Sai dai ba kullum lambar ke raba gardama ba. A 1964 da 1965, GTO ba ƙira ce mai zaman kanta ba, ƙarin kaya ne ake biya a sa wa motar LeMans, don haka lambar ba ta nuna komai. Haka Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 mai injin da ake kira LS6, wanda ke da ƙarfin doki 450. Motoci 4,475 aka ƙera da wannan inji, amma lambar jikinsu ba ta bambanta su da sauran 'yan uwansu. Har masu harkar na raha cewa waɗanda ke yawo yanzu sun fi waɗanda kamfani ya ƙera yawa.

Abu na biyu shi ne dacewar lambobi. Daga 1968 kamfanoni kan buga ƙarshen lambar motar a jikin inji da akwatin giya. In lambar inji ta yi daidai da ta jiki, to injin da aka haife ta da shi ne, kuma wannan kaɗai na ƙara mata daraja ƙwarai. Amma fa ana iya goge wurin a sake bugawa. Shi ya sa masani ke zuwa da tocila da gilashin ƙara gani, ya duba ko siffar alƙaluman ta yi daidai da ta masana'antar, ko kuma an kankare fuskar ƙarfen har layukan da injin masana'anta ya bari sun ɓace. Sannan akwai kwanan watan da aka zuba ƙarfen injin, wanda ke fitowa a jikinsa tun wurin narkawa. Dole ya riga ranar da aka haɗa motar. In aka ce motar watan Maris ce, inji kuma ya nuna watan Yuli na shekarar, to an kama ƙarya, don ɗa ba ya riga uwarsa zuwa duniya. Kamar dai yadda kake buɗe bakin sa ka ƙirga haƙora ne, ba ka tsaya ga shekarun da mai shi ya faɗa maka ba.

Akwai kuma ha'incin da ya fi wannan muni. Mota mai tsada ta ruɓe ko ta yi haɗari, sai a ɓamɓare farantin lambarta a maƙala wa jikin wata lafiyayya. A dokar Amurka wasa da lambar mota babban laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Don gano wannan, ana duba ƙusoshin da suka riƙe farantin ko irin na kamfani ne, a kuma nemi lambobin da aka buga a ɓoyayyun wurare na jikin motar a ga ko bakinsu ɗaya, ko akwai alamar walda kewaye da su.

Abu na uku takardu. Lokacin haɗa mota, ma'aikata na da wata takarda da ke lissafa duk abin da za a sa mata. In sun gama, sau da yawa sukan cusa ta ƙarƙashin kujerar baya, ko ƙasan shimfiɗa, ko saman tankin mai. Wanda ya tsinci tasa bayan shekara 50, ko da ta yi ja ta yayyage, ya tsinci dami a kala. Waccan Cuda ta 2014 na da irin wannan takarda, ga kuma injinta na asali. Masu Ford na iya neman rahoton wani masani mai suna Kevin Marti, wanda kamfanin ya ba izinin amfani da kundinsa na motocin 1967 zuwa sama. Masu Pontiac ma na da inda suke samun kwafin takardar cinikin farko. Ita ma takarda ana yin jabunta, har a shafa mata abin da zai sa ta yi kamar ta tsufa, don haka sai an gwada ta da abin da ke jikin motar.

Bayan asali sai lafiyar jiki. Fenti mai ƙyalli na ɓoye abubuwa da yawa. Ana bin jikin motar da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa to ba ƙarfe ba ne a wurin, kwaɓi ne aka cike rami da shi. Ana leƙa ƙarƙashinta da cikin but don neman tsatsa. Mitar tafiya kuwa ba a cika dogara da ita ba, domin ta motocin zamanin gurbi 5 gare ta, in ta kai mil 99,999 sai ta koma sifiri.

To ina kuɗin ke fitowa? Daga ƙarancinta, da asalinta, da lafiyarta, da kuma tarihinta. Waccan Mustang da muka ambata ba a yi mata kwaskwarima ba, fentinta ya dushe, ga tsatsa a jiki. Amma ita ce ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, kuma lambarta ta tabbatar da haka. Wani mutum ya saye ta a 1974, shi kansa McQueen ya rubuta masa wasiƙa a 1977 yana so ya saya, mai ita ya ce albarka. Da iyalinsa sun yi mata sabon fenti da sun rage mata daraja. Da tsohuwar zuma ake magani.

A wurin gwanjon ma sai an yi hattara. Manyan kamfanoni irin su Mecum da Barrett-Jackson, wanda ya soma gwanjonsa a 1971 a garin Sukotsdel na jihar Arizona, kan baje motocin kafin ranar ciniki don kowa ya duba. Bayanin da ke manne a gilashi yawanci daga bakin mai motar ya fito, kuma a yadda ka gan ta haka ake sayar maka. In guduma ta sauka, ciniki ya faɗa, mayarwa sai da kyar. Saboda haka masu hankali kan biya masanin irin wannan ƙira ya duba musu tun da wuri, su binciki nawa aka sayar da irinta a 'yan shekarun baya, su yanke wa kansu iyakar tayi kafin su shiga. Cikin hayaniya da ihun ɗan gwanjo, mutum na iya tayawa don kada a ce wane ya fi shi, ya wayi gari da nadama. Kada kuma a manta da la'ada. A can mai saye ma yana biya, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Shi ya sa Mustang ɗin da aka sallama kan miliyan 3 da dubu 400 ta tashi wa mai sayenta a miliyan 3 da dubu 740. Wasu motocin kuma mai su kan ajiye farashin da in tayi bai kai ba, ba zai sallama ba.

Mun san ba lallai ne kai ko sauran masu sauraro ku je Arizona sayen mota ba, amma darasin na nan kusa. In za ka sayi akori-kura ko babur na hannu, gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, harafi bayan harafi. Ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka duba da rana tsaka, kada ka yarda da cinikin biri a sama. In mai kaya na gaggauta ka, ko ya ce takardu sai gobe, riƙe kuɗinka har goben ta yi.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ke hannunmu, a ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya.