Hutun Yara A Yankari: Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani Kafin A Kama Hanya

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, da zarar makarantu sun yi hutu, iyalai kan ɗauki hayar wata irin mota mai gadaje da murhu da ɗan banɗaki a ciki, su kwashi yara su nausa. Suna kwana a sansanonin da aka tanada wa matafiya, gari ya waye su zaga su ga tafki ko tsauni ko namun daji, sannan su ƙara gaba. Irin wannan mota ba ta yawaita a wurinmu ba, kuma ba kowace hanya ce mutum zai yada zango a gefenta da iyali ba. Amma abin da suke nema, wato yara su ga halittun Allah da idonsu maimakon a fuskar waya, muna da wurinsa a gida. Ɗaya daga ciki shi ne Gandun Dajin Yankari.

Wurin da kansa

Yankari yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, daga baya ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a ratse a Dindima zuwa babbar ƙofa da ke ƙauyen Mainamaji. Daga nan akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana da wurin cin abinci da ɗan gidan tarihi suke.

Dajin na daga cikin wurare ƙalilan da giwaye suka rage a Nijeriya. Akwai ɓauna da gwanki da dorina da mugun dawa da gwaggon biri, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Lokacin rani ya fi dacewa da ziyara, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma suna taruwa a bakin Kogin Gaji neman ruwa. Ana fita kallonsu da safe ko da la'asar tare da ɗan jagora. Ki gaya wa yara tun daga gida cewa daji ba gidan zu ba ne: wata rana a haɗu da garken giwaye, wata rana sai sawunsu kawai. Wannan zai rage miki kukan ɓacin rai a cikin mota.

Ruwan Wikki: daɗi da haɗari

Abin da yara suka fi so shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne garai-garai mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa yana tsaye a kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Tsabtarsa ce ke yaudara, domin ana hango yashin ƙasa sai a ɗauka ba zurfi, alhali akwai inda ya shanye tsayin babban mutum.

Yaron da ke nutsewa ba ya ihu yadda muke gani a fim. Shiru yake yi, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. Saboda haka a ware babba guda wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya ba hira, ya kuma tsaya inda hannunsa zai kai ga ƙaramin cikinsu. Kada a ɗora wa yayarsu 'yar shekara goma wannan nauyi.

Idan kina da mai sikila, ki kula da fitowarsa daga ruwa. Jiƙaƙƙen jiki cikin iskar hunturu na iya tayar masa da ciwo. Ki goge shi nan take, ki sa masa kaya masu kauri, ki riƙa ba shi ruwa yana sha ko bai tambaya ba.

Birai ba abokan wasa ba ne

Gwaggon biran sansanin sun saba da mutane, sun kuma san leda da abinci. Suna fizge abu daga hannun yaro, suna shiga ɗaki ko mota idan aka bar su a buɗe. A kulle ƙofa da taga, a ci abinci a ciki, kada kuma a bar yara su miƙa musu komai. Idan tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar, a duba batun allurar ciwon haukan kare da ta tetanus. Kada a jira a ga ko zai kumbura.

Akwai kuma ƙudan tsando, mai cizo da zafi, wanda baƙin kaya da shuɗi mai duhu ke jawowa. Ranar shiga daji a sa wa yara kaya masu haske, masu dogon hannu.

Jakar uwa

A aikinmu na jinya, abubuwan da suka fi kawo yara bayan tafiya su ne zazzaɓi da gudawa. Don haka ki sa waɗannan a jaka: gidan sauro mai magani, farasitamol na yara, ma'aunin zafin jiki, filasta, sabulu, tocila, da fakitin ORS tare da ƙwayar zinc. In babu fakitin, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ki tafi da isasshen ruwan sha da maganin duk wanda ke kan magani, domin babu kyamis a bayan ɗaki. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi ko ana zafi, a dai yawaita ba shi. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo kafin ta hau motar kewaya daji, saboda jijjigar hanya.

A kan hanya

Maigida ya sa a duba taya da birki da safaya, a cika tanki a Bauchi. A kira tun da wuri a tabbatar da ɗaki da farashi, a kuma tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki a makon. A fita da sassafe don a isa da rana tsaka, a guji tafiyar dare. Yara su zauna a baya da bel, a riƙa tsayawa suna miƙe ƙafa. Kada a bar yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota ko da na minti biyar ne, domin zafin ciki yana hawa da sauri, jikin yaro kuma ba ya jure shi kamar na babba.

In lokaci ya samu wajen dawowa, ku tsaya a hubbaren Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin garin Bauchi. Yaran da suka haddace sunan Firayim Ministan a aji za su ga inda yake kwance tun 1966.

Aikinki bai ƙare da sauke kaya ba, 'yar'uwa. Zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana ne bayan mako guda zuwa biyu da cizon. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a wannan tsakanin, a kai shi a yi gwaji kafin a ba shi maganin maleriya, ki kuma gaya wa likita inda kuka je da ranar da kuka dawo.